Sawu a Bakin Faranti

Shugaban sashen nazarin ƙwayoyin halitta na wata cibiyar binciken noma ya ajiye aiki a makon jiya. Sanarwar da aka manna a allon ƙofar shiga ta ce rashin lafiya ne. Waɗanda suka gan shi yana loda kwalayen littattafansa a bayan mota, shi kaɗai, ba su ga alamar ciwo a jikinsa ba. Ba a kira 'yan sanda ba, ba a kai kowa kotu ba. Abin da sanarwar ba ta faɗa ba shi ne an ɓata gwajin wata ɗalibarsa da gangan, an dakatar da ita bisa zargin ƙirƙirar sakamako, kuma shugaban tsaron cibiyar ne ya gano wanda ya yi ɓarnar.

A sashen ana kiran ɗalibar 'Yar Gishiri, kuma ba don yabo ba. Aikinta a kan wata bakteriya ne da ke taimaka wa saiwar shuka, amma ba ta iya tafiya a ƙasar da gishiri ya ci. Ta sauya wa ƙwayar tsarin gadonta, ta yadda 'yar wutsiyar da take iyo da ita ta koma aiki da gishiri, kamar inji da mai. Idan babu gishiri, ƙwayar za ta tsaya inda aka ajiye ta. Idan akwai, ko kaɗan ne, za ta motsa. Gwajin ba shi da wuyar fahimta. Ana zuba jeli mai laushi a farantan roba masu murfi, a ɗiga ƙwayar a tsakiya, a sa a akwatin ɗumi. Idan ta yi tafiya, za a ga da'ira fara tana faɗaɗa zuwa bakin faranti.

Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Farfesa, ya yi suna ne da wata magana da ya daɗe yana maimaitawa a taruka: gishiri gurguntar da wannan ƙwayar yake yi, kuma babu gyaran da zai sa ta tashi.

Ranar Alhamis ɗin da kwamitin masu ba da tallafi ya zo, 'Yar Gishiri ta buɗe akwatin ɗumi a gabansu. Kowane faranti an rubuta a murfinsa cewa akwai gishiri. A cikin kowanne, ƙwayar na nan ɗigo guda a tsakiya, ba ta je ko'ina ba. Farfesa ya cire tabarau ya goge, ya ba baƙi haƙuri a madadin sashe. Kafin a tashi aiki ya sa hannu a takardar dakatar da ita.

Sashen bai ɓata lokaci ba. Waɗanda jiya suke roƙon ta duba musu lissafi suka tuna cewa dama hotunan gwajinta sun cika kyau. Aka ce mace mai goyo ina ta ga lokacin yin irin wannan aiki. Aka ce dama.

*

Darakta ya kira shugaban tsaro washegari, saboda yayan ɗalibar ya bugo waya yana maganar lauya. Shugaban tsaron tsohon ɗan sanda ne da ya fara aiki da bin sawun shanun sata, daga nan ya samo sunan Mai Sawu. Masu farar riga suna ɗaukarsa maigadi mai ofis. Shi kuma yana ɗaukarsu yara masu tsada.

"Rahoto nake so, gajere," in ji Darakta. "Abin a fili yake. A rubuta a rufe."

"In a fili yake, yallaɓai, me ya sa aka kira ni?"

"Don a ce an yi bincike."

Mai Sawu ya sauka ɗakin gwaji. Na'urar sanyaya ɗakin ta lalace tun farkon mako, zafi kamar a taɓa shi da hannu. Ya tarar da mai haɗa sinadarai, wani siririn mutum da ake kira Mai Haɗi, yana shirin kwashe farantan zuwa tukunyar ƙona shara.

"Wa ya ce ka taɓa?"

"Farfesa ne ya ce a zubar, wai suna cin wuri."

"Mayar."

Ya sa aka mayar da su cikin akwatin ɗumi, ya kawo kwaɗo daga ofishinsa ya rufe, ya jefa mabuɗin a aljihu. Bai san amfanin da za su yi ba. Ya dai saba cewa ba a share wurin da aka yi ɓarna.

*

Farfesa ya karɓe shi a zaune, bai nuna masa kujera ba. Babban mutum ne mai jiki, da tawul ƙarami a kan tebur wanda yake ɗauka lokaci-lokaci ya share goshi.

"Malam Sawu, ka san mene ne bakteriya?"

"An ce ƙanana ne, ranka ya daɗe. Ban taɓa kama ko ɗaya ba."

"To ka bar wa waɗanda suka sani. Yarinyar nan ni na ɗauko ta, ba ta san riƙe bututun gwaji ba. Son suna ne ya kai ta. Abin tausayi ne."

"Yaushe aka zuba farantan?"

"Litinin da safe, in ji su. Ita ta ɗiga ƙwayar ran Talata."

"Ka leƙa lokacin da ake zubawa?"

"Ni? Tun safe har aka yi azahar ina wajen taro da Darakta, ka tambaye shi. Duk makon nan ban taka ɗakin ba sai ranar baƙi. Ina da ma'aikata."

Mai Sawu ya tambayi Darakta. Gaskiya ne, Farfesa yana taron, shi ne ma ya fi kowa magana.

*

'Yar Gishiri na zaune a hawa na biyu na wani gidan haya, ita da mijinta da mahaifiyarta. A falon akwai keken ɗinkin tsohuwar, da kwandon wanki, da kwamfuta a kan tebur ɗin cin abinci. Yayanta, mai shagon magani, ya riga Mai Sawu zuwa, kuma bai zauna ba.

"Kun zo ku ƙarasa ta ne?" in ji yayan.

"Yaya, don Allah," in ji ita.

"Bar ni in faɗa. Na ce miki ki zo shago ki riƙe min reshe, kika ce ke sai ƙwayar da ido ba ya gani. Ga shi nan, sun saka miki."

Mahaifiyar na jijjiga jikanta, ba ta ɗaga kai ba. "Kai dai ka zauna, tsayuwarka ba ta ƙara komai. Bawan Allah, ni ban san aikinsu ba. Amma yarinyar nan ko canjin cefane ba ta iya ci ba, balle ta yi wa turawa da farfesoshi ƙarya."

Mai Sawu ya taɓa jin irin wannan shaida daga iyayen ɓarayi da yawa. Ya juya wajen 'yar.

"Malama, in ba a janye takardar nan ba, me zai faru?"

"Shi ke nan. Ba digiri, ba aiki. Babu ɗakin gwajin da zai buɗe wa wadda aka rubuta wa ƙirƙira ƙofa, ko wanke kwalabe ne."

"Me zai hana ƙwayar tafiya?"

"Ko ta mutu, ko babu gishiri. Ba ta mutu ba, tunda ɗigon ya yi kauri. An auna gishirin da ke cikin farantan?"

"Ai an rubuta a murfi."

Ta dube shi kamar yadda Farfesa ya dube shi. "Murfi aka auna, ko jeli?"

*

Da yake an hana ta shiga harabar, wani malami daga sashen nazarin ƙasa aka roƙa. Mai Sawu ya buɗe kwaɗo ya zaro faranti ɗaya daga sama, malamin ya tsoma bakin na'urar auna gishiri a kusa da tsakiya. Babu. Kamar ruwan sama.

Daga nan Mai Sawu ya ɗauka ya gama. Mai Haɗi ne ya zuba farantan, don haka ya kai shi ofishin tsaro ya ajiye shi a kan benci yini guda.

"Nawa aka ba ka?"

"Wallahi, yallaɓai, na sa gishiri."

"Ko mantawa ka yi? Faɗi gaskiya, mantuwa ba ta kai sata ba."

"Shekara nawa ina wannan aiki. Ko matata ta mance gishiri a miya ni nake fara ji."

"Matarka ba ta cikin maganar nan."

Mutumin ya yi rantsuwa har muryarsa ta dishe. Labari ya zaga cewa an kama shi, sashen kuma ya sake tunawa: dama idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, dama ya sayi sabon babur. Da yamma Mai Haɗi ya ambaci mai shaida. Akwai wani ɗalibi, Dogo, da ya tsaya a kansa yana jiran ma'auni lokacin da yake auna gishirin.

Dogo shi ne abokin gasar 'Yar Gishiri, kuma bai ɓoye jin daɗinsa ba. Mai Sawu ya same shi a kantin shayi na cibiyar.

"Ka ga ya sa gishiri?"

"Dole in amsa?"

"A'a. Kana iya amsawa a ofishina."

Dogo ya juya cokali a kofi. "Ya sa. Na gani, don har na ce masa ya yi sauri, gishiri ne ba zinari ba."

"Me ya hana ka faɗa tun ranar?"

"Wa ya tambaye ni?"

"Kai ina kake ran Litinin da yamma?"

"Asibitin haƙori. In buɗe maka bakin ka gani?"

Ya buɗe. Ramin na nan. Mai Sawu ya sallami Mai Haɗi ba tare da ya ba shi haƙuri ba, abin da har yau bai yi ba. Yanzu yana da farantan da aka zuba da gishiri da safe, da farantan da babu gishiri a cikinsu, kuma murafan ba su canza ba. Wani ya zubar da na farko ya zuba wasu da yamma. Mutum tara ne ke da mabuɗin ɗakin, kowannensu kuma ya iya dafa jeli.

*

Darakta ya ba shi zuwa ƙarshen mako. Ran Laraba Mai Sawu ya buɗe akwatin ɗumi don ya ƙirga abin da zai rubuta a rahoto, sai ya ga farantan sun canza. Ɗigon tsakiya ya fitar da harshe. Ba da'ira ba ce irin ta hotunan ɗalibar. Wani farin zare ne mai kauri da ya miƙe gefe guda, ya nufi bakin faranti. Ya jera su a kan benci a ƙarƙashin fitila. Fiye da rabinsu haka suke, kowanne da harshe ɗaya.

Ya buga wa 'Yar Gishiri waya, ya tura mata hoto.

"Malama, shanun nan naki sun tashi, amma duk gefe ɗaya suka yi."

"Ba zai yiwu ba. In gishiri na cikin jeli, ko'ina yake, da'ira za su yi."

"Garke ba ya bin hanya ɗaya a banza. In ka ga sawu ya miƙe, ko ruwa ne a gaba ko wurin lasar gishiri. Me ke gabansu?"

"Duba inda harshen ya nufa. In akwai gishiri a wuri ɗaya, a hankali zai ratsa jelin, waɗanda ya fara iskewa su za su fara motsi."

Ya sunkuya. A daidai inda kowane harshe ya nufa, dab da bango, akwai wani ɗan lotsawa mai faɗin ƙwayar wake, gefensa ya ɗan tashi. Ya kira Mai Haɗi, wanda ya zo yana ɗari-ɗari.

"Mene ne wannan?"

Mai Haɗi ya duba ya daɗe. "Yatsa ne."

"Naka?"

"Ni da safar hannu nake aiki. Kuma ba a taɓa jeli. Karkata faranti ake yi a ga ko ya kama."

"Me ya sa gefen ya tashi?"

"Jelin bai gama kamawa ba aka danna. In ya kama, tsagewa yake yi." Ya ajiye farantin. "Wanda ya zuba ne kawai zai same shi a haka."

"Wa ke taɓa jeli da yatsa a gidan nan?"

"Yallaɓai, ina da yara huɗu," in ji Mai Haɗi, ya fita.

Malamin sashen ƙasa ya sake zuwa da na'urarsa. A wajen lotsawar, allurar na'urar ta motsa.

*

An taru ran Alhamis da hantsi a ɗakin gwajin, domin Mai Sawu ya ce ɗakin taro ba zai yi ba. Akwai Darakta, da Farfesa, da Dogo, da Mai Haɗi, da sauran masu mabuɗi. An bar 'Yar Gishiri ta shigo da katin baƙi a wuya, ta tsaya kusa da ƙofa. Har lokacin ba a gyara na'urar sanyi ba.

A kan benci akwai sababbin farantai da Mai Sawu ya sa aka zuba kafin a shigo.

"Ku yi haƙuri da jahili," in ji shi. "So nake a sake gwajin a gabana, amma ban san ko jelin ya kama ba. Dogo, duba min."

Dogo ya ɗauki ɗaya ya karkata. "Da saura."

Wata ɗaliba ta karkata nata. "Kamar ya kama."

"Ya kama ko bai kama ba?"

Suka shiga gardama, wannan na karkatawa, wancan na ɗagawa sama wajen haske. Mai Sawu ya bar su. Farfesa ya duba agogo, ya share goshi da tafin hannu, ya yi tsaki.

"Wannan shi ne abin da nake fama da shi. Digiri har wuya, ba su san jeli ya kama ba. Kawo nan."

Ya fizgi faranti, ya ɗaga murfi, ya danna babban yatsansa a bakin jelin.

"Bai kama ba. Yatsa ya fi ido. Tun kafin a haife ku haka muke yi."

Duk ɗan sashen da ke ɗakin ya taɓa jin wannan karatun a makonsa na farko a sashen, tare da bayanin cewa safar hannu ta ragwaye ce, kuma sifirit ya isa ya kashe duk abin da ke fatar mutum.

Mai Sawu ya karɓi farantin a hankali. Ya buɗe kwaɗo, ya fito da tsofaffin, ya jera su a gefensa. Lotsawar iri ɗaya ce, a wuri ɗaya, da faɗi ɗaya.

"Malama, gaya musu."

"Babu gishiri a cikin waɗannan," in ji 'Yar Gishiri daga bakin ƙofa. "Sai a wuri ɗaya. Sifirit yana kashe ƙwayoyin fata, amma ba ya hana gumi. Gumi kuwa gishiri ne. Ƙwayar ta ji shi, ta tafi."

Farfesa ya yi dariya. "Ni ne shugaban sashe. In na duba farantan ɗalibata, laifi ne?"

"Ba laifi, ranka ya daɗe. Sai dai ka ce min ba ka taka ɗakin nan ba. Kuma yatsan nan an danna shi jeli bai kama ba. Lokacin da na Mai Haɗi suke kamawa, kana ina?"



"Yana wajena," in ji Darakta, da muryar wanda ya taka ƙusa.

"To ba na Mai Haɗi ya taɓa ba. Waɗanda ya taɓa, da yamma aka zuba su, kuma wanda ya zuba ne ya tsaya a kansu."

Farfesa ya dubi yatsansa, da ɗan jeli a jikin farcen. Ya goge a tawul. Bai dubi ɗalibar ba, Darakta ya duba.

"Shekara talatin na yi ina gina sashen nan. Yanzu maigadi da yarinya za su tsayar da ni a gaban faranti?"

"Abin da ya fi ba ni mamaki," in ji Mai Sawu, "ka cire gishirin. Mutumin da ya yarda gishiri gurguntar da ita yake yi, ƙara shi zai yi. Ashe kai ne ka fi kowa yarda da aikinta."

Dogo ya yi wata 'yar dariya, ya mayar da ita tari. Farfesa ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita. Hali zanen dutse, in ji wani daga baya, amma sai da ƙofa ta rufe ya faɗa.

*

Rahoton Mai Sawu bai kai ga kwamitin masu ba da tallafi ba. Darakta ya ce sunan cibiya ya fi na mutum ɗaya, kuma babu amfanin tozarta dattijo. Sashen ya sake tunawa: dama kowa ya san halin Farfesa, dama babu wanda ya yarda da zargin. Wasu sun aika wa 'Yar Gishiri saƙon taya murna. An gyara na'urar sanyi.

An ba ta izinin sake gwajin sau ɗaya, da katin baƙi. Mai Haɗi ya auna gishirin a gaban shaidu. Washegari da'irar ta cika kowane faranti har baki. Mai Sawu ne ya buɗe mata akwatin, shi ne kuma kaɗai ya tsaya ya gani. Kwamitin ya riga ya koma.

Yayanta ya ce reshen shagon na nan yana jiranta. Ba ta ba shi amsa ba tukuna.

Takardar dakatarwar na nan a fayil ɗinta, da kalmar ƙirƙira a layi na biyu. Dokar cibiyar ta ce wanda ke kan kujerar shugaban sashe shi kaɗai ke iya janye irin wannan takarda. Da aka tambayi ofishin Darakta jiya, an ce kujerar babu kowa a kanta, kuma ba a sa ranar naɗa wani ba.